Safiya Tana Bronx, Ubanta Yana Kumasi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan zango mazauna Bronx.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ni ce Rakiya Inuwa ta Highbridge, mai aikin kula da tsofaffi, matar marigayi Malam Sabo. Na rubuto a fili ne domin a bainar jama'a ka yi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

A taronmu na ranar Lahadi, da aka tada zancen yaran da ake rabawa da iyayensu a kan iyakar Meziko, ka ce doka doka ce, duk wanda ya tsallako shi ya jawo wa ɗansa. Har wasu suka tafa. Ina zaune a sahun mata, sai da na ɗaga kai in tabbatar daga bakinka ta fito.

Na farko, ka san ɗaya daga cikin yaran nan jinina ce. Ƙanena Awudu ya bar Kumasi bayan rasuwar matarsa, tare da 'yarsa Safiya mai shekara biyar. Ta Barazil suka biyo, rabin hanyar a kafaɗarsa ta yi. Da suka tsallako, da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa ga jami'ai. Aka ce masa za a kai yarinyar ta yi wanka. Bai sake ganinta ba. Daga baya aka ba shi takarda da Turanci, aka ce in ya sa hannu za a haɗa su. Ya sa. Ashe takardar mayar da shi gida ce. Shi kaɗai ya sauka a Accra.

Na biyu, mako bakwai na yi ina buga waya, ana ce mini babu yarinya mai wannan suna. Ashe an rubuta sunanta ba daidai ba. Ashe kuma nan New York aka kawo ta, gidan riƙo a Grand Concourse, titin da nake bi kullum in shiga jirgin ƙasa na layin D. Ranar da lauyar da ta gano mini ita ta kai ni, matar da ke riƙonta, mutuniyar kirki, ta ce sun ɗauka kurma ce, don ba ta amsa kowa. Na durƙusa na ce, "Safiya, Gwaggo ce." Ta ɓuya bayan kujera. Sai da na miƙe zan tafi ta kama mini zane, ta ce, "Gwaggo, na yi wankan tun tuni. Ina Baba?" Ban san yadda na sauko daga benen nan ba.

Na uku shi ne ya fi ɗaure mini kai. Lauya ta ce in ƙungiya ta ba da wasiƙar shaida cewa ni yayar ubanta ce, zai taimaka a ba ni ita. Sau biyu ina zuwa shagonka. Ka ce ƙungiya ba ta shiga harkar marasa takarda. Alhaji, mijina ne ya ɗauko ka daga filin jirgin sama na JFK, ka shigo da bizar ziyara. A falonmu ka zauna har ka tsaya da ƙafarka, kuma ka daɗe kafin takardarka ta fito. Ba gori nake yi maka ba, yawancinmu haka muka fara. Amma ba wanda ya fizge maka ɗa daga hannu.

Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba. In Awudu ba shi da hujjar zama, a mayar da shi. Sai dai a mayar da shi da 'yarsa. Wace doka Safiya ta karya?

Har yau tana gidan riƙo. Asabar kaɗai nake ganinta. Awudu kuwa kullum sai ya kira, na rasa abin da zan ƙara faɗa masa.

Ina roƙonka ka sa hannu a wasiƙar nan kafin ranar da za a shigar da Safiya gaban alƙali. Ka kuma nemo mana mutanen da za su riƙa yin tafinta, don ban yarda ita kaɗai ce ke jin Hausa a gidajen nan ba. Maganarka ta Lahadi kuwa, ka janye ta a inda ka faɗe ta.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a, ya sa kada ka taɓa kwana ba ka san inda jikanka yake ba.

Wassalam.

Rakiya Inuwa, Highbridge.