Na Ce Musu Kin Yi Tafiya

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa ga mai ƙishi, uwar 'ya'yana,

Sallamar mai laifi nake yi miki. Yau kwana tara da kika koma ɗakin yayarki, kika ce ƙarin ruwan magani na huɗu ba da ke ba, kin gaji. Kwana tara! Gida ya zama kango, madubinki na kallona ina kallonsa. Laraba mai zuwa ce ranar ƙarin ruwan, kuma likita bai ɓoye mini ba: in aka tsaya a tsakiya, ciwon dajin nan ba zai jira mu ba.

Kin tuna ranar da na fara zuwa shagonku gyaran ƙafar kujera? Aikin minti goma na mayar awa biyu, ina bugun ƙusa ɗaya ina satar kallon yatsunki suna gudu cikin kitso kamar ruwa a gangare. Har kika tambayi abokiyar aikinki ko kujerar ce ke gyaran kafinta. Yau yatsun nan magani ya kashe musu ji, ko mataji ba ya zama a hannunki. Wace irin zuciya ce za ta ga haka ba ta tsage ba?

Amma ba ciwo kaɗai ya karya ki ba, da hannuna a ciki. Ni kafinta ne, na saba in ga tsaga in cike ta in shafe da fenti. Da masu zuwa kitso suka tambaye ni, sai na ce musu kin yi tafiya. Na ɗauka rufin asiri nake yi, ashe ƙofa nake rufe miki. Wata uku ba mai leƙo ki, kika zaci gudunki ake yi. Wallahi ba su guje ki ba, ni na kore su! Kuma da kin fara hawaye sai in tare ki da ki yi haƙuri, za ki warke, har kika koyi haɗiye maganarki. Nas ɗin nan mai tabarau ta gaya mini akwai ƙaramin ɗaki kusa da wurin ƙarin ruwa, inda mata masu irin ciwonki ke zama da mai ba da shawara, kowa ta amayar da abin da ke cinta. Na ce matata ba ta tallar ciwonta. Ban ko tambaye ki ba.

Jiya na je shago na faɗi gaskiya. Abokiyar aikinki ta wanke ni tas, na kuwa cancanta, sannan ta zauna ta fashe da kuka. Ta ce wurinki na nan: hannu nasu, ido naki, ki zauna ki nuna musu inda tsaga za ta bi har yatsunki su dawo. Su huɗu daga shagon za su zo asibiti ranar Laraba.

Hasken raina, ki zo. Ki shiga ƙaramin ɗakin nan, ni zan zauna a benci a waje, ba zan tambayi abin da kika faɗa ba. Ga kuma abin da na ɓoye miki tun ranar da aka karanta mana sakamako: tsoro nake ji, tsoro mai tsanani. Na bar ki kina jin naki ke kaɗai don kada ki ga nawa. Ki yafe mini, ki zo mu ji shi tare.

Naki da gashi ko babu, da lafiya ko babu, har ƙasa ta rufe idona,

Kafintanki