Shayin Safiya a Gindin Gwaiba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma hannu ya saba. Shekara huɗu ke nan ina rubuta maki ina sawa a shafina na intanet, masu wucewa su karanta su yi maki addu'a.

Dalilin rubutowata shi ne Safiya, autarki. Ta yi nauyi, Inna, wata takwas. Yarinyar nan da kike kora daga kan katanga, yau sai ta dafa bango take tashi.

Kin san cikin fari gida ake komawa. To, ina gidan? Tun da Baba ya bi bayanki aka ja ƙofar gidanmu na Tafoki aka sa kwado. Sai mijinta ya ɗauko ta daga Sabuwa ya kawo mani ita nan Kankara, da akwatinta da buhun gero. Washegari sai ga amalanken itace an jibge a ƙofar gida. Na tsaya ina kallonshi, don itacen wankan jego ne. Ni kuwa shekarata tara a ɗakin miji ban taɓa zaman jego ba. Ban san zafin da ake bari ruwa ya kai ba, ban san ta inda ake fara watsawa ba.

Wata safiya ina shara, Safiya na zaune tana kallon itacen nan, ta ce, “Yaya Bilki, wa zai yi mani wanka?” Na ce, “Goggo Rabi mana, wa kike da shi?” Na faɗa da ƙarfi kamar mun gama magana da ita, alhali ba mu gama ba.

Goggo Rabi dai, ƙanwar Baba, tana nan Daudawa. Duk wadda ta haihu a danginmu ita ta yi mata wanka. Na aika mata sau biyu. Na farko ta ce suna cirar gyaɗa. Na biyu ta ce, “Allah ya kai mu.” Wallahi na ji haushi, Inna. Na ce a raina, wato don babu idonki shi ya sa ake ja mana aji.

Ana cikin haka ƙawayen Safiya suka zo dubiya, suna nuna mata hotuna a waya. Wai bebi shawa, walimar da 'yan birni ke yi wa mai ciki tun kafin ta sauka, da balan-balan da kek da furanni. Suka tafi suka bar ta tana shafa fuskar wayar a hankali. Ba ta ce tana so ba, kin san ta da zurfin ciki. Nan dabara ta faɗo mani. Zan yi mata nata daidai ƙarfina, shayi kawai a bayan gida. Zan kuma gayyato Goggo, in roƙe ta a gaban mata, inda kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba.

Kina cewa zumunta a ƙafa take, don haka na shiga mota na tafi Daudawa da ƙullin goro. Na tarar da ita a inuwar rumbu, ta lulluɓe da mayafi har gwiwa. Na miƙa goron, ba ta karɓa ba, ta nuna mani tabarma da haɓa. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce, “Biki? Ga wanda bai zo ba? Ku 'yan boko ba ku da ta ido. Cikin fari ne za ku kai kasuwa?” Na ce, “Shayi ne kawai, Goggo, ba wanda zai ambaci komai.” Ta ce, “In na ga mota.”

Da kin ga shirin da kin yi dariya har kin share ido da bakin zane. Tebur babu, sai muka ciro tsohon ƙyauren ɗakin girki muka ɗora kan bulo huɗu a gindin gwaiba, na shimfiɗa atamfata mai ruwan goro a kai. Tabarmi daga maƙwabta. Kofuna kuwa kowane gida da nashi, wani mai fure, wani mai hoton Ka'aba, wani hannunshi ya tafi tun zamanin da. Hajiya Ladi maƙwabciyata ta ara mani babbar butarta, ta bi ni har zaure tana cewa in ta dawo da lamba ɗaya sai mun haɗu gaban mai unguwa.

Furanni ban saya ba. Na zagaya garka na karyo rassan zoɓo masu jan kai da zangarniyar sabon gero, na zuba su a kwalaben man gyaɗa da na wanke. Na soya ƙosai da cincin, na dafa ɗanyar gyaɗa, aka gasa masara. Shayin na dafa shi irin naki, citta da kanumfari da ɗan masoro, na'ana'a sai an sauke. Da ƙamshin ya tashi sai da na zauna kan turmi, don na rantse kamar zan ji tarinki daga ɗaki.

Doka ɗaya na kafa: kada wadda ta ambaci ciki ko jariri. Ƙawayen sun so rataya balan-balan mai rubutu, na ce a hura dai, rubutun a juya shi ya kalli katanga.

Bayan la'asar suka fara shigowa. An yi yayyafi da rana, ƙasa na ƙamshi, ganyen gwaiba na ɗigo ɗaya-ɗaya kan atamfar. Rana ta yi laushi, ta shigo ta tsakanin rassa ta kwanta kan kofunan, tururi na hawa cikinta a hankali kamar ba ya son tafiya. Safiya na zaune kan kujera 'yar tsugune da filo a bayanta, lalle ya kama mata ja a ƙafa. Daga gefe, Inna, ke ce sak.

Matan nan kuwa sun iya zagaye! Kowa ta zo da ƙulli a lulluɓe, ta tura ƙarƙashin ƙyauren ta ce, “Ga wannan, a ajiye wa baƙo.” Hajiya Ladi ta ce, “Ni ban ga komai ba, tuwo ne ya karɓe ta.” Aka kwashe da dariya, Safiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Rabon da in ji ta yi dariya irin wannan tun kina da rai.

Na shimfiɗa darduma ɗaya a gefe, inda inuwa ta fi kauri. Na ce ta Goggo ce. Amma duk sanda na juya sai in gan ki a kai, kin miƙe ƙafa, kina hura shayi kina cewa sukari ya yi yawa, 'ya'yan yanzu ba su san tsadar abu ba. Na ga har yadda kike gyara kallabi da bayan hannu. In na ƙifta ido sai darduma da ganyen gwaiba guda biyu.

Rana ta kusa taɓa katanga muka ji sallama. Goggo ce, ta shigo a hankali, lulluɓe kamar yadda na bar ta. Ta dubi ƙyauren, ta dubi zoɓon da ke kwalba, ta ce, “Ikon Allah, miya ce aka yi wa ado.” Ta zauna kan dardumar. Na kai mata kofi, ta ce in ajiye. Na kai ƙosai, ta ce ta ƙoshi. Na ce a raina, fushi dai ake yi da mu.

Sai na aikata abin da na shirya. Na durƙusa a gabanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Goggo, da tsohuwar zuma ake magani. Ga marainiya nan, ba ta da uwa sai ke. Mun roƙe ki ki zauna ki yi mata abin da kika yi wa kowa.”

Goggo ta dube ni. Sannan ta ce wa Safiya, “Ke, miƙo mani kofin nan.” Ta fito da hannunta daga mayafi. Inna, hannun nan da ke ɗaga tukunyar ruwa shi kaɗai, yanzu rawa yake yi. Ta karɓi kofin yana kaɗawa, shayin ya zube mata a zane kafin ya kai baki. Ta ce, “Tun bara yake haka. Wannan kike so in ɗebi tafasasshen ruwa da shi in watsa wa ɗiyar Yayana? So nake in mutu ba wanda ya gani, kin tara mani gari.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwa tana rufa wa kanta asiri, ni na zo da wayona na yaye mayafin a gaban mutane. Na fara ba ta haƙuri ina kuka, Safiya ma kuka. Hajiya Ladi, Allah ya saka mata, ta miƙe ta ce wa mata magariba ta gabato, kowa ta nemi kofinta.

Da muka rage mu uku, Goggo ta ce, “Share hancinki, ba kuka na zo ji ba. Zan zauna. Baki nawa, hannu naki.” Na ce, “Ni, Goggo? Ni da ban taɓa haihuwa ba? Mi na sani?” Ta ja tsaki ta ce, “Uwarki wa ta haifa lokacin da ta yi mani nawa?”

Ban gane ba sai da ta warware mani. Ta ce lokacin da ta koma Tafoki goyon cikin fari, tsohuwarsu ba ta iya tashi, kuma babu wata babba a gidan sai ke, matar Yayanta. Ta ce shekararki bakwai ke nan da aure a lokacin, ko ɓari ba ki taɓa yi ba. Matan unguwa suka ce wadda ba ta san zafin abu ba ba ta iya shi. Kika ɗaure zane, kika hura wuta, kika zauna bakin ƙofar tsohuwa tana faɗa maki kina yi, safe da yamma har kwana arba'in. Ta ce, “Duk wankan da na yi wa mata a dangin nan, a hannunta na koya. Ban ce ke ma za ki samu ba, wannan na Allah ne. Na ce dai tashi ki duba in akwai sauran ruwa a wuta.”

Akwai sauran ruwan da na ɗora don shayi. Ta sa na juye a baho, na karyo ganyen bedi, wato darbejiya, na ɗaure. Ta ce in tsoma in ɗaga, in bari tururin ya fara fita, in gwada a damtsena kafin jikin kowa. Na watsa da ƙarfi ta ce, “Ke, jaki kike kora?” Na sake, ta ce da sauƙi. A na biyar ba ta sami abin gyara ba, ta ce wa Safiya ta ba ta shayi a baki, ya huce.

Inna, shekara bakwai! Kuma biyar daga cikin shekaruna tara na aure kina raye kina kallona. Ina zuwa gida ido a kumbure, ki dama fura ki tura mani, ki ce in gaida maigidan. Ko sau ɗaya ba ki ce, ni ma na ɗanɗana ba. Na san dalili, ni ce ta fari, ko sunana ba ki iya faɗa, balle irin wannan magana. Amma na yi fushi da ke a lokacin, na ɗauka ba ki san ciwon ba. Ashe duk gidan ba wanda ya kai ki saninshi. Na yi kewarki a yammacin nan fiye da ranar da aka fita da ke.

Goggo na nan, ta karɓe ɗakin baƙi, tana mulki da baki. Kullum da hantsi sai na yi gwaji tana gyara mani. Safiya ta daina kallon ƙofa, tana cin abinci, kumburin ƙafarta ya ɗan saɓe. Jiya na ji tana waya da mijinta tana cewa kada ya damu, Yaya ce za ta yi mata. Na tsaya bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, na kasa shiga.

Ki yafe mani fushin da na yi da ke, ni na yafe shirun. Tsoro bai sake ni ba, amma ranar da Allah ya kawo, ni zan hura wutar.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi. Allah ya raba Safiya da abin da take ɗauke da shi lafiya, ya ba Goggo sauƙi. Ni kuma ya sa wa hannuna albarkar da ya sa wa naki. Amin.

Ɗiyarki ta fari,
Bilkisu