Dokin Maccido Ya Ƙi Tsallake

Zuwa ga Malam Abdulwahabu, mai amsa takardun jama'a a zaurensa.

Malam, don Allah ka agaza mini, ɗana zai kuɓuce mini ina ji ina gani.

Ni mai sayar da hatsi ne, ina da rumfa a Ƙofar Marke. Maccido shi kaɗai Allah ya bar mini cikin maza. Ka san wasan da samari ke yi bayan kaka a filin bayan ganuwa, inda ake jera dammunan kara, kowa ya zo da sukuwa ya tsallake da dokinsa, ana ƙara dami har a ga wanda ya rage. To yaron nan ba ya da zance sai wannan. Bara na bar shi ya shiga. Dokin ya zo gab da kara ya turje, Maccido ya wuce ta kan dokin ya dira cikin karan. 'Yan matan Unguwar Rogo sunka yi masa waƙa, har yau in ya wuce bakin rijiya sai sun rera.

Ban yi sanya ba, Malam. Na sayar da wancan, na sayo masa ingarma. Na ɗaure shi a turke cikin inuwa, dawa safe da yamma, ga kanwa, ga ƙasari. Ban yarda kowa ya hau shi ba sai ranar gwaji, kada ya rame. Yanzu in ka gan shi sai ka ce an shafe shi da mai, maƙwabta har leƙowa suke yi. Na yi masa sabon sirdi mai nauyi, da jalala, da linzami mai kaifi. Da munka fita gwaji ni da kaina na tsaya bakin karan ina faɗa wa yaron lokacin da zai ja linzami. Dami biyu kacal, dokin nan ya tsaya yana haki yana kallona.

A bakin Atika, uwar Maccido, na ji cewa in anka sake yi masa dariya bana, zai bi ayarin madugu Na'Allah zuwa Gwanja fataucin goro, kuma ba ranar dawowa. Wasan saura wata guda. In na hana shi zai tafi, in na bar shi ya faɗi zai tafi, ko kuwa ya karya wuya. Abinci ya daina shiga mini. Ko dai baki anka yi wa dokin? In akwai laya ka rubuta mini.

Uban yaro, Ƙofar Marke.

Amsa

Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka. Bakin da ya kama dokinka shi ne nasa, kuma kai ke cika shi da dawa. Ka yi masa kiwon dokin da ake ɗaurewa ƙofar gida don baƙi su yaba, sannan kana so ya tashi sama da ɗanka da teɓarsa.

Rage hatsin, ka ba shi harawa. Kullum da sanyin safiya Maccido ya fita da shi kilisa har bakin gulbi, su yi gumi tare. Cire jalalar, nemo sirdi marar nauyi. Linzamin nan mai kaifi a ajiye shi, domin dokin da ya san za a fizge masa baki ba zai miƙa wuya ya yi tsalle ba. Su fara da dami ɗaya, kada a ƙara sai ya ƙetare shi ba gardama.

Tsoronka gaskiya ne, ƙashi yana karyewa a wasan nan, ni kuma ba zan yi maka alkawarin nasara ba. In wata ya cika doki bai shirya ba, a jira baɗi. Amma Maccido ne zai faɗi haka, shi ke kan sirdi.

Shi ma yana da tasa gaskiyar. Saurayin da ake rera wa waƙa a bakin rijiya, ga ubansa kuma tsaye bakin kara yana masa ihu gaban tsararrakinsa, dole Gwanja ta yi masa kyau. Ba goro yake nema ba, wurin da ba a kallonsa yake nema.

Yau ɗin nan ka kwance ragamar daga turke, ka sa wa Maccido a hannu, ka ce dokin nasa ne, ka koma rumfarka. Ranar wasa ka shige cikin jama'a ka kama bakinka. In ya faɗi, bar shi ya tashi da kansa. Ɗan da ya san zai iya faɗuwa gaban ubansa ya miƙe ba ya bukatar ya je Gwanja ya ɓuya.

Allah ya tsare shi, ya bar maka shi kusa.

Malam Abdulwahabu