Batirin Ilu da Solar 'Yardada

Litinin, 7 ga Afrilu

Binta, rubuta yadda na faɗa. Ke 'yata ce, ba alƙali ba, kar ki gyara min magana. Kuma kar Ilu ya gani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, autana Ilu in ya tashi daga shago a Jakara, nan Soron Ɗinki yake biyowa ya ci tuwona kafin ya wuce gidansa Goron Dutse. Yanzu batirin babur ya yi sanyi. Gwiwarsa ba ta iya tada shi da kik, sai maɓalli. Mu kuma ba wuta. To, kullum sai ya cire batir ya kai gidan 'Yardada maƙwabciyata, mai sola. Awa guda yana can.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya sayo wata 'yar mita mai waya ja da baƙa. Yana shigowa sai ya durƙusa gaban babur, ya ɗana, ya ƙura ido. "Sha ɗaya da ɗigo takwas, Inna, ya yi ƙasa." Ni ban ji an tambayi hawan jinina nawa ba.

Ya dawo daga can da maiƙo a baki. Dambu ta ba shi. Tuwona loma uku.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na jiyo dariyarsu ta katanga. 'Yardadar da muka yi tallan goro tare, ko miya ba ta iya kaɗawa, yau ita ce "Gwaggo".

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ilu ya bi mota ɗaurin aure, ya bar batir a zaure. Na taɓa tambayarsa me ke ba solar nan wuta, ya ce rana. To ranar ta 'Yardada ce ita kaɗai? Na kinkime shi, nauyi kamar dutsen niƙa, na hau soro, na shimfiɗa tabarma kusa da kuɓewar da na shanya. Tun hantsi har la'asar. Sau biyu ina juya shi don ko'ina ya samu. Da na sauko da shi sai da tsumma, zafi jau. Na ce ai ya ƙoshi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Cikin batirin ya kumbura. Mita ta ƙi nuna abin kirki. Jiya haka Ilu ya tura babur har bakin titi yana ɗingishi, ni ina leƙe ta ƙofa.

Yau na gaya masa. Ya ce, "Inna, ina kika ɗora min shi?" Na ce kusa da kuɓewa. Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. Da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sabon batir. Sha biyu da ɗigo shida. Ba sauran zuwa caji. Ya cinye tuwo har da ƙari. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kwana takwas ban ji motsi ta katanga ba. Jiya na shiga gidan 'Yardada karɓo rariyata. Ta zauna ita kaɗai ƙarƙashin fanka, fitila ko'ina, kwanon dambu a rufe. 'Ya'yan nata da suka aiko da solar rabonsu da gidan tun Babbar Sallah. Ta ce, "Yaya batirin Ilu?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To madalla," tana kallon kwanon.

Yau da Ilu ya iso na ce ya danna hon. Ya danna. Na ce ni kam na ji muryar ta dishe, ya kai batir caji kar a sake. Ya ɗaga mitar zai nuna min, na ce ban yi boko ba, kunnena na sani. Ya dube ni, ya ɗauko sifana ya kwance batir.

Na zuba tuwon a kwano na bi bayansa. Don kar ya huce ne kawai. Rubuta haka, Binta, ki daina murmushi.