Sun Raba Sa'idu Biyu

Gaya, daren Laraba

Ban wuce kwaleji ba, amma ni na koya wa kaina ordinatar, wato kwamfuta, na buɗe shago, ba wanda ya kama mini. Ni na gano matacin rubutun wiki, kundin nan na intanet, yana yanke kalma duk inda ya tarar da hamza. Na kai rahoto, aka sa ni a shafin godiya, matacin ya mai da sunana Sa'idu "Sa".

Tun da aka rufe gadar kan iyaka ban ga Hadiza ba. Ɗazu ta kira daga ƙetare: "Baba, na duba shafin, ba ka ciki."

Muryarta ta hana ni barci. A rubuta Sa'idu cikakke, inda ɗiyata za ta gani.