Mangwaron Matar Baba Yakubu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Shekara huɗu ke nan rabona da muryarki, amma yau ke nake so in kai wa ƙarar kaina, don na gaji.

Ina nan a aikina na kula da itatuwan Abuja, wanda kike tsokanata wai albashin gaida bishiya nake ci.

Bara aka aike ni wani tudu a bayan Dutse Alhaji. Na tarar mangwaro da ɗorawa sun yi duhu, ga 'yan gidajen laka a ƙarƙashi. Wani dattijo, Baba Yakubu, ya kawo min kujera da ruwa a ƙwarya. A tsaye na kurɓa, na hau ɗaukar hoto. Hausarsa ta kasuwa ce, direba kuma yana jira, ban tambaye shi komai ba. Na koma ofis na rubuta cewa tsohon daji ne, a killace shi. Oga ya yaba, har ya ce zan yi nisa.

Kin tuna littafin labarin nan na Indiya da na karanta ina jami'a, inda aka kori talakawa daga daji saboda namun dawa? Na sha kuka, kina min dariya. Ashe wata rana ni zan riƙe biron.

Jiya aka mayar da ni in shaida wa mutanen tudun cewa nan da wata uku su tashi. Sai a lokacin na zauna na saurara. Daga inda Maitama take yanzu aka taso su, aka zube su a tudun nan ba ko inuwa. A al'adarsu kuwa, duk haihuwa, duk rasuwa, sai an dasa itace. Da hannunsu suka yi dajin, Inna.

Na rubuta takardar gyara. Tana kan teburin Oga, ya ce a bari sai ya dawo daga tafiya.

Baba Yakubu bai ɗaga murya ba. Wajen wani ɗan mangwaro ya kai ni, ko ƙuguna bai kai ba, na matarsa da ta rasu da damina. Ya ce, "Tunda ya zama na gwamnati, ki faɗa wa gwamnati safe da yamma yana shan ruwa."

Innata, Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan matar Baba Yakubu. Ni kuma Ya yafe min.

'Yarki,
Bilkisu
Kubwa