Wanzamin da na kora

Hamma Buba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka? Yaya Adda da yara, da sanyin Jos?

An yi wa ɗana Sadiku aiki. Tun haihuwa ƙwayar marainansa ɗaya ta maƙale a ciki. Ba a tsaga shi ba, 'yan huji uku aka yi, aka zura kyamara. An same ta, amma ta lalace, sai cirewa. Likita ya ce mun makara.

Hamma, ranar sunan Sadiku wanzaminmu na unguwar Dubeli ya ce in kai yaron asibiti. Na kore shi a gaban jama'a, wai yana yi wa ɗana baki. Jiya ya zo dubiya da lemo, bai ta da maganar ba. Na kasa ɗaga kaina.

A gaida kowa. Ka yi wa yaron addu'a, ni kuma ka roƙa mini ƙarfin zuwa ƙofar mutumin nan.

Ƙaninka,
Usmanu